Daga Tadarishi Zuwa Faifai: Tarihin Ceto Rubutu a Ƙasar Gwandu

Garin Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ƙare rayuwarsa a 1829, da garin Kalgo, inda mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi yake, suna cikin masarauta ɗaya, na farko a gabas da Birnin Kebbi, na biyu kuma a kudu da shi. Sai dai tsakanin tsofaffin takardun da ke gidajen malaman Gwandu da kwamfutocin ɗaliban Kalgo akwai kusan shekara ɗari biyu na wata sana'a da ba a cika rubuta tarihinta ba, wato sana'ar ceto rubutun da yake nan amma ya ƙi karantuwa. Duk wanda ya bi diddigin wannan sana'a zai tarar cewa abin da ke fara lalacewa a ma'ajiyar rubutu sau da yawa ba rubutun kansa ba ne, jagorar da ke nuna farkonsa da jerinsa da sunan mai shi ita ce ke fara tafiya, kuma idan ta tafi, dukiya mai yawa takan zauna a hannun mai ita ba tare da ya iya amfana da ita ba.

Gwandu ta zama garin littafi tun farkon jihadi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da jama'arsa sun sauka a cikinta a 1805, shekarar da aka ci Birnin Kebbi, kuma daga nan aka tafiyar da al'amura na wasu shekaru kafin Shehu ya koma Sifawa. Da aka raba kulawar ƙasa a 1812, yamma ta faɗa hannun Abdullahi, gabas kuma hannun Muhammadu Bello, sannan bayan rasuwar Shehu a 1817 Gwandu ta zama cibiyar ɓangaren da daga baya ya haɗa da Nupe da Ilorin da Liptako, abin da ya sa wasiƙu da fatawoyi da littattafai suka riƙa shiga suna fita. Shi kansa Abdullahi ya san muhimmancin jagora, domin biyu daga cikin sanannun littattafansa aikin tattarawa da jerawa ne: a Ida'un Nusukh, wanda ya rubuta a 1812, ya lissafa malamansa da littattafan da ya karanta a wurin kowannensu, a Tazyinul Waraƙat kuma, na 1813, ya tara waƙoƙinsa na Larabci waɗanda suka warwatsu a tsawon shekaru, ya sa kowace a muhallinta tare da bayanin lokaci da dalilin da ya sa aka yi ta. Ba don wannan bayani ba, da yawancin waƙoƙin sun iso ga na baya a matsayin baitoci masu kyau waɗanda ba a san ranar da suke magana a kanta ba.

Siffar littafin wancan zamani ita ce tushen matsalar da kuma maganinta. Takarda tana zuwa ne daga nesa, mafi shahara ita ce mai tambarin jinjirin wata uku da ake gani idan an ɗaga ta ga haske, wadda ake yi a arewacin Italiya, musamman a masana'antar iyalin Galvani ta Pordenone, ta biyo ta Tarabulus ko Masar ta ƙetaro Sahara, saboda haka tana da tsada kuma ba a wasa da ita. Ba a ɗinke littafi. Fallaye ne a sake, ake sa su tsakanin bangaye biyu da aka lulluɓe da fata, wato tadarishi, a ɗaure da tsirkiya, a zura a gafaka. Wannan tsari yana da hikima, domin malami na iya raba fallayen littafi guda ga almajirai da dama su karanta ko su kwafa a lokaci ɗaya, amma yana nufin cewa babu abin da ke riƙe jerin shafuka sai alama ɗaya ƙarama. A ƙasan bayan kowane falle, marubuci yakan rubuta kalmar da falle na gaba zai fara da ita, abin da masana rubutun hannu na Larabci ke kira ta'aƙiba, kuma da yake galibi ba a sa lambar shafi, wannan kalma ita ce sarƙar da ke haɗa littafin daga basmala zuwa tammat. Abin takaici shi ne tana zaune a gefen takarda, wurin da yatsu suka fi taɓawa, wurin da danshi da gara da ɓera suka fi fara ci.

Idan iska ta watsa fallaye, ko aka haɗa littattafai biyu masu girma ɗaya a tadarishi guda, ko magada suka raba littafi a tsakaninsu, aikin gyara yakan faɗa kan malamin da ya san fannin. Yakan fara da bin kalmomin ƙasan shafi har inda sarƙar ta tsinke, daga nan sai ya koma ga ma'ana, ya nemi fallen da farkonsa ya cika jumlar da ta yanke, ya duba hannun marubuci da launin tawada da yawan layuka don ware fallayen da ba na littafin ba. Littattafan da aka tsara a waƙe, waɗanda Abdullahi ya yawaita su a nahawu da sarfu, sun fi sauƙin ceto, domin karin waƙa da ƙafiya suna tona asirin baitin da ya faɗi ko kalmar da aka musanya, ga kuma mahaddata da ke ɗauke da su a ka. Mataki mafi ƙarfi shi ne muƙabala, wato a samo wani kwafin daga wani gida, ɗaya na karantawa ɗaya na bi, a cike gurbin da ya ɓace a gefen shafi ko a sabon falle. Asarar da ta fi wuyar magani ita ce ta fallen farko da na ƙarshe, waɗanda su ne suka fi gogar bango, alhali a kansu ne sunan littafi da na mawallafi da na mai kwafa suke, wani lokaci har da shekarar kammalawa da aka sa a ramzi, wato haruffan da jimillar lissafinsu ke ba da shekara.

Misali mafi shahara na littafin da ya tsira amma sunan mai shi ya rikice ya faru ne a Gwandu kanta. A watan Mayu na 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu ɗan Abdullahi, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi amfani da sunan Abdulkarim, ya sauka a garin a kan hanyarsa ta zuwa Tambutu, kuma ko da yake bai sami ganin sarkin ido da ido ba, wani malami daga gidan sarautar mai suna Buhari ya ara masa kwafin Tarikhus Sudan, tarihin daular Songhai da malaman Tambutu. Barth ya kwashe 'yan kwanaki yana tsamo sassa daga ciki, ya aika da su Turai, aka buga su a Jamus a 1855, kuma ta wannan hanya ce malaman Turai suka fara sanin littafin. Sai dai ya jingina shi ga Ahmad Baba na Tambutu, kuskuren da ya zauna har shekaru da dama, har sai da Octave Houdas ya buga cikakken matanin Larabci a Faransa a 1898, ya tabbata cewa mawallafin shi ne Abdurrahman as-Sa'adi. Hujjar tana cikin littafin tun asali, domin Ahmad Baba ya rasu a 1627, labaran da littafin ya kawo kuwa sun kai wajen 1655, kuma mawallafin ya ambaci kansa a ciki. Abu biyu sun cancanci lura a nan: cewa littafin Tambutu yana hannun malaman Gwandu a tsakiyar ƙarni na 19, wanda ke nuna nisan da kwafi ke tafiya, da kuma cewa idan bayanin da ke yawo game da littafi ya yi kuskure, cikinsa ne ke gyara shi, muddin an karanta shi duka.

Rabin ƙarni na 19 na biyu bai yi wa ma'ajiyar Gwandu sauƙi ba. Daga 1849, lokacin da Yakubu Nabame ya tayar da Kabawa daga Argungu, yaƙi ya matso ƙofar gari, har Sarki Haliru ya rasa ransa a fagen fama a 1860, wasu sarakunan da suka biyo baya kuma suka zauna a Ambursa. Bayan zuwan Turawa a 1903, fadar ta koma Birnin Kebbi, kuma kowace ƙaura tana nufin gafakoki a kan jakuna da rabuwar littattafai tsakanin rassan iyali. Mulkin mallaka ya kawo wani sabon tsarin ajiya, wato fayil mai lamba da rajistar da ke nuna inda kowanne yake, a ofishin Di'o da na En'e. Takardun Lardin Sakkwato, wanda Gwandu ke ciki, suna Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna a ƙarƙashin alamar SOKPROF, kuma duk mai bincike ya san cewa fayil ɗin da aka mayar gurbin da ba nasa ba daidai yake da wanda ya ɓace, ko da yana cikin ginin. Haka nan fifita boko a ofisoshi da makarantu ya rage yawan masu iya karanta ajami da tsohon hannun Magribi, wanda wata irin asara ce da ba ta taɓa takarda ko kaɗan ba.

Aikin ceto na zamani ya fara ne a shekarun 1950, lokacin da W. E. N. Kensdale na ɗakin karatun Kwalejin Jami'a ta Ibadan ya shiga tattara littattafan shugabannin jihadi, ya kuma buga jerin na Abdullahi a 1956. An buga tafsirin Abdullahi, Liya'ut Ta'awil, a Alƙahira a 1961, Mervyn Hiskett ya fitar da Tazyinul Waraƙat da fassararsa a 1963, sannan a 1964 aka kafa cibiyar adana takardun Larabci a Ibadan da kuma shirin binciken tarihin Arewa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda Abdullahi Smith da Murray Last suka yi aiki. Hanyar da aka fi bi ita ce a ari littafi daga mai shi, a ɗauki hoton kowane shafi a kan siririn fim da ake kira maikurofim, a mayar masa da kayansa, a ci gaba da nazari a kan hoton. Wannan ƙa'ida, ta a ɗauki kwafi tukuna a bar asali ya huta, ita ce mafi daraja cikin duk abin da wancan zamani ya gadar. Ƙoƙarin ya kai ga juzu'i na biyu na babban kundin John Hunwick kan adabin Larabci na Afirka, wanda ya fito a 1995, ya jera littattafan wannan yanki da wuraren da kwafinsu suke, ya kuma nuna waɗanda aka jingina wa Shehu ko Abdullahi ko Bello bisa shakka.

A daidai shekarun da Kensdale ke yawon neman takardu, kamfanin IBM ya fitar da faifan ajiya na farko a Amurka a 1956, mai faranti hamsin, wanda ke ɗaukar haruffa kusan miliyan biyar. Faifai a kan kansa ba ya sanin fayil. Jerin gurabe ne masu lamba, kowanne a al'ada yana ɗaukar bayit 512, bayit kuwa shi ne ma'aunin da ke ɗaukar harafi ɗaya na boko. Abin da ke mayar da waɗannan gurabe su zama takardu masu suna shi ne tsarin fayil, wato rajistar da aka rubuta a kan faifan kansa, wadda ke cewa fayil kaza ya fara a gurbi kaza, ya ci gaba a kaza, girmansa kaza, an rubuta shi ranar kaza. A tsarin FAT, wanda aka ƙirƙira a Microsoft a 1977 kuma har yau danginsa ne ke kan yawancin filashi da katin memori, kowane gungun gurabe yana da shigarwa a tebur da ke nuna gungun da ke biye da shi, aikin da kalmar ƙasan shafi ke yi a tadarishi. A tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a 1969, da zuriyarsa irin su ext4 na Linux, akwai babban tubali kusa da farkon faifai wanda ke bayyana girman tsarin da inda sauran rajistoci suke. Kafin kwamfuta ta nuna wa mutum takardunsa, sai ta karanta wannan bayani na farko, ta gamsu da shi, ta haɗa faifan da sauran ma'ajiyarta, matakin da ake kira ɗora faifai. Idan bayanin ya lalace ko ya saɓa wa kansa, sai ta ƙi ɗorawa, ko da kowane harafi na kowane fayil yana nan lafiya.

Dalilan wannan lalacewa sanannu ne ga duk mai shagon buga takardu a Birnin Kebbi ko Kalgo. Ajiye fayil guda yana buƙatar rubutu a wurare da dama, a gurabensa da a rajista da a lissafin guraben da ba kowa, saboda haka idan wuta ta ɗauke ko janareta ya mutu ko aka fizge filashi a tsakiyar aiki, sai rajistar ta tsaya rabi sabuwa rabi tsohuwa. Zafin bazara da ƙurar hunturu da girgizar babur suna gajarta ran faifai mai juyawa, filashin da ke yawo daga kwamfuta zuwa kwamfuta yana kwasar bayiros, ga kuma jabun filashi da aka yi wa dabara ya riƙa nuna girman da bai kai ba, wanda idan ya cika sai ya riƙa rubuta sabo a kan tsoho ko ya zubar da shi ba tare da gargaɗi ba.

Masu ƙera tsarin fayil sun bi hanyoyin da malaman muƙabala za su gane. FAT yana ajiye tebur biyu. Tsarin fayil na Jami'ar Berkeley, wanda Marshall Kirk McKusick da abokansa suka fitar a farkon shekarun 1980, ya warwatsa kwafin babban tubali a sassa daban-daban na faifai, kuma ext2 na 1993 da magadansa sun gaji wannan, har ya zama sananne cewa a faifan da tubalinsa ke da bayit 4096 ana samun kwafin farko a tubali na 32768. Tun ƙarshen shekarun 1970 akwai manhajar fsck, wadda ke bin rajista layi-layi tana neman saɓani, idan kuma ta tarar da fayil mai jiki amma babu suna, sai ta ajiye shi a wani kundi na tsintattun kaya da lamba kawai. Daga baya aka zo da littafin niyya, wato wurin da tsarin ke fara rubuta abin da yake shirin canzawa kafin ya canza shi, ta yadda bayan ɗaukewar wuta zai iya kammala aikin ko ya soke shi; NTFS na Windows ya zo da wannan a 1993, ext3 kuma a 2001. Littafin niyya yana kare rajista ne fiye da abin da ke cikin fayil, kuma FAT da exFAT na filashi da memori ba su da shi, wanda shi ya sa waɗannan na'urori, da talaka ya fi dogara da su, suka fi yawan ƙin buɗewa.

Ƙwararren mai ceto ba ya fara da gyara. Yakan saurari faifan tukuna, domin ƙarar ƙwanƙwasa alamar lalacewar ƙarfe ce, kuma ci gaba da kunna shi yana ƙara ɓarna; idan ana iya karantawa, sai ya kwafe shi gurbi-gurbi zuwa wani faifan da manhaja irin ddrescue, wadda ke fara kwashe wurare masu lafiya kafin ta koma ga masu wuya, sannan duk gwajin da zai yi ya yi shi a kan kwafin. Dalili shi ne manhajar gyara tana rubutu a kan faifai, kuma burinta shi ne rajista ta daidaita, ko da hakan zai sa a yanke wani fayil. Haɗari mafi girma yana zuwa ne a saƙon da Windows ke nunawa idan ta kasa gane filashi, inda take tambaya ko a yi masa fomatin. Amsa wannan da na'am yana shimfiɗa sabuwar rajista a kan ragowar tsohuwa, kuma abin da aka zuba bayan haka yana danne abin da ake nema. Idan kwafin babban tubali ko na tebur ya samu, ko manhajar TestDisk ta Christophe Grenier ta gano iyakokin sashen faifai da suka ɓace, komai yakan dawo da sunansa. Idan kuwa rajistar ta tafi gaba ɗaya, sai a koma ga karanta cikin faifan kai tsaye da manhaja irin PhotoRec, wadda ke gane fayil daga alamar farkonsa, kamar yadda kowane hoton JPEG ke farawa da FF D8 ya ƙare da FF D9. Abin da ke fitowa shi ne dubban fayiloli marasa suna, wasu a yanke saboda gurabensu ba a jere suke ba, kuma mai su ne kaɗai zai iya zama ya ce wannan babi na uku ne na kundin digiri, wancan kuwa tsohon daftari ne.

A nan ne bambanci mai tayar da hankali yake fitowa tsakanin Gwandu ta da da Kalgo ta yau. Littattafan Abdullahi sun tsira daga yaƙi da ƙaura da gara saboda karatu a wancan tsari yana tilasta kwafi: almajirin da ya karanta littafi yakan rubuta nasa ya tafi da shi garinsu, shi ya sa ake samun littafi ɗaya a Sakkwato da Kano da Zariya da Ibadan da Yamai. Ɗalibin jami'ar da ke Kalgo, wadda aka kafa a 2013, yana iya yin kwafi cikin daƙiƙa, amma sauƙin da kansa ya cire tilascin, har ya zama aikin shekara yana zaune a filashi ɗaya ko waya ɗaya. Sababbin na'urori kuma sun rufe wasu ƙofofin ceto: faifan SSD yakan share guraben da aka ce masa ba a bukata ba da daɗewa ba, ƙwaƙwalwar filashi da aka ajiye shekaru ba wuta tana iya zubar da cajin da ke riƙe bayanai, wayoyin zamani kuma suna kulle abin da ke cikinsu da mabuɗin sirri, ta yadda idan mabuɗin ya lalace ko mai wayar ya rasu da lambarsa, karanta cikin kai tsaye ba ya ba da komai sai haruffa marasa ma'ana. Wannan ya shafi tsofaffin takardun su kansu, domin maikurofim na shekarun 1960 yana bukatar na'urar karantawa da ɗaki mai sanyi, hotunan da ake ɗauka yanzu da kyamara ko waya kuma suna komawa kan faifai masu tsarin fayil, sau da yawa da sunayen da kyamara ta ba su, lambobi a jere, babu sunan littafi, babu na mawallafi, babu na gidan da aka samo shi. Littafi mai falle ɗari uku da aka ɗauka gaba da baya yana zama fayil ɗari shida, kuma idan rajistar faifan ta lalace aka ceto su babu suna, wanda zai mayar da su jeri dole ya kasance mai iya karanta hannun marubucin da kalmar da ya sa a ƙasan kowane falle.